Mota Ba Ta da Zaure: Tsokaci a Kan Fim ɗin Shiriritar Tafiyar Iyali

Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki, mu ɗaliban Hausa, har ma da waɗansu daga cikin malamanmu, Allah ya ƙara musu haƙuri da mu. Da zarar an miƙo mana littafi ko wasan kwaikwayo ko fim aka ce mu yi masa tarke, tambayar da ke fara zuwa bakinmu ita ce, wane darasi ya koyar? In mun laluba mun sami gargaɗi a kan shaye-shaye ko auren dole ko baƙin kishi, sai mu ce ya yi. In ba mu samu ba, sai mu ce shiririta ce, mu ture shi gefe. Amma bari dare ya yi, ka leƙa ɗakunan kwanan ɗalibai ka ga abin da ake kallo a waya ana ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Wannan shiriritar ce dai da aka kora da rana. To, tun da abin yana da irin wannan ƙarfi a kanmu, ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira. Abin da nake son yi ke nan a wannan 'yar maƙala, kuma zan tsaya a kan nau'i guda, wato fim ɗin ban dariya wanda ake zuba iyali a mota a kama hanya, kome ya yi ta dagulewa har a isa.

Uban tafiyar irin waɗannan finafinai shi ne wani na Amurka mai suna National Lampoon's Vacation, wanda ya fito a 1983. John Hughes ya rubuta, Harold Ramis ya ba da umurni, Chevy Chase kuma ya fito a matsayin maigidan, Clark Griswold. Labarin bai taka kara ya karya ba. Clark ya ƙudura sai ya kai matarsa da 'ya'yansa biyu wani wurin shaƙatawa mai suna Walley World, daga Shikago zuwa Kalifoniya, tafiyar da ta haura mil 2,000. Matar ta ce a hau jirgin sama, ya ce atafau sai mota, don a sami lokacin zama da juna. Tun daga wurin dillalin mota aka fara cutarsa, aka maƙala masa wata koriyar mota mummuna wadda ba ita ya zaɓa ba. Suka ɓata hanya, ɓarayi suka kwashe marufan ƙafafun motar. Suka biya gaida dangin matar a ƙauye, dangin suka ɗora musu wata tsohuwa mai baƙar magana, Gwaggo Edna, da karenta, wai su sauke ta a hanya. Clark ya ɗaure karen a bayan mota ya manta, ya ja shi a kwalta har ya mutu. Motar ta faɗa daji a hamada, makanikai suka karɓe duk kuɗin da ke aljihunsa. Gwaggo ta cika a kujerar baya ba wanda ya lura, da aka lura kuma sai aka naɗe ta aka ɗaure a saman mota tare da akwatuna. Da suka isa inda za su bayan duk wannan wahala, sai suka tarar da ƙofa a garƙame, an rufe wurin na mako biyu ana gyara.

Mai karatu ya ga dai babu darasin kirki ko ɗaya a nan. Ba a hukunta dillalin ba, ba a kama makanikan ba, shi kansa Clark da ya ɗauki bindigar wasa ya tilasta wa mai gadi ya buɗe musu, mai wurin ya yafe masa. Duk da haka an yi ta yi wa fim ɗin ƙanne, har aka sake ɗauko labarin a 2015 da ɗan Clark ya girma ya kama wannan hanya da nasa iyalin. Me ya riƙe mutane?

A ganina abu na farko shi ne ita motar kanta, kuma Bahaushe ya fi Ba'amurke dalilin gane wannan. Dubi yadda aka tsara gidan Hausa. Akwai zaure inda baƙo ke tsayawa, akwai turakar maigida, akwai ɗakunan mata, samari kuma suna can waje. Maigida yana cin tuwonsa shi kaɗai ko da abokansa a ƙofar gida. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukarsa, yaro ba ya tsayawa a kan babansa yana magana. Duk kunyar nan da nauyin nan da muke alfahari da su, ginin gida yana taimaka musu, domin kowa yana da bangon da zai fake. Mota kuwa ba ta da zaure. In an rufe ƙofa, gwiwar suruki tana gugar ta suruka, ɗan fari yana kan cinyar uwarsa, maigida kuma in ya ɓata hanya, kowa yana kallon ƙeyarsa tana gumi. A gida in bai san abu ba sai ya yi gyaran murya ya shige turaka. A mota babu inda zai shige. Dariyar da ke cikin irin wannan fim daga nan take tasowa, wato ganin mai girma a inda girmansa ba shi da wurin ɓuya.

Amma fa da Clark mugu ne, da dariyar ba ta yi daɗi ba, sai ta koma ta Allah ya ƙara. Gwanintar marubucin ita ce ya yi shi mutum mai kyakkyawar niyya wadda ta yi masa yawa. Ba don kansa yake wahalar ba. So yake 'ya'yansa su girma su ce babanmu ya kai mu. Ya tsara tafiyar a kwamfuta tun daga gida, ya san inda za a tsaya da inda za a kwana, kuma duk lokacin da tsarin ya karye sai ya ƙara murmushi, murmushin yana ƙara zama abin tsoro. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda iyalin suka haɗa baki suka ce a koma gida, shi kuma ya fashe da faɗa yana rantsuwa sai an ji daɗi ko ana so ko ba a so. Wanda ya taɓa zama a gidan da uba ya kashe kuɗin da ba shi da su don a yi Salla mai kyau, sa'an nan ya hau kowa da faɗa ranar Sallar saboda ba a nuna murna yadda yake so ba, ya san wannan mutumin. Muna yi masa dariya muna kuma jin tausayinsa, kuma ba mu iya raba biyun.

Ni mutumin Kumbotso ne, dangin uwata kuma suna cikin ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai ya shayar da shinkafa da alkama da tumatir tun bayan da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Na daɗe ina lura cewa manomin tumatir ba ya bukatar a fassara masa Clark. Shi ma ya yi lissafinsa tun kafin ya dasa: kwando kaza a kan kuɗi kaza, a biya bashin taki, a yi wa yarinya kayan ɗaki, abin da ya rage a canza babur. Ya yi ban ruwa, ya yi feshi, ya kwana a gona. Ranar da ya kai kaya Kwanar Gafan sai ya tarar kowa ma ya kawo, tumatir ya yi ja har bakin titi, dillali yana taya kwando da kuɗin da bai kai na ɗauko shi ba. Ƙofar Walley World ke nan a garƙame. Mutumin da ya san wannan a jikinsa, in ya ga wani ya yi mil 2,000 ya tarar da kwaɗo a ƙofa, dariyar da zai yi ba ta raini ba ce. Ya ga ɗan'uwansa ne.

Sai maganar zubi, inda masu tarke suka fi samun abin suka. Sukan ce irin wannan fim ba shi da ƙashin baya, guntattakin wasanni ne aka jera, in ka cire na uku ka sa a gurbin na biyar ba abin da zai canza. Gaskiya ne. Sai dai in wannan laifi ne, to, mu fara kama Alhaji Abubakar Imam. Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934 bayan gasar ƙaga labarai ta 1933, zubinsa ke nan. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki don ya wanke wulaƙancin da aka yi wa uban da ya riƙe shi. Wannan shi ne dalilin tafiyar. Amma tambayi duk wanda ya karanta littafin a firamare abin da ya tuna, za ka ji ya ce Malam Zurƙe ɗan Muhamman, da yadda suke haɗuwa gari bayan gari kowa yana rama cutar da aka yi masa. Ruwan shi ne igiyar da aka shanya labaran a kai, kamar yadda Walley World yake. Hanya ce kaɗai ke ba marubuci wannan 'yanci, domin kowane zango yana kawo sabuwar fuska da sabon tarko, ba sai an nemi dalili ba. Kuma tun kafin Imam, kakanninmu mata suna yin haka a tatsuniyar Ɗan'auta, wanda yayarsa ke goye da shi suna gudu daga wannan ɓarna zuwa waccan. Mun yarda da wannan zubi a littafin da aka sa mana a manhaja, sai a fim ne muke ce masa rauni.

Indiyawa, waɗanda finafinansu suka mamaye silimun Kano shekaru da dama, sun bi ta wata kusurwa. A Bombay to Goa na 1972, bas ce guda cike da fasinjoji daga al'ummomi daban-daban, Mehmood shi ne kwandasta, Amitabh Bachchan kuma a lokacin bai zama abin da ya zama ba. An sa wa direba suna Rajesh, kwandasta kuma Khanna, don a tsokani babban tauraron wancan zamani. Akwai labarin yarinyar da ta gudo daga hannun miyagu, amma shi ma igiyar shanya ne. Abin kallon shi ne yadda baƙin juna suka zama kamar 'yan gida ɗaya kafin a isa, da gulmarsu da faɗansu da rabon abincinsu. Wannan ya fi kusa da yadda muke tafiya. Duk wanda ya hau motar haya daga Kano zuwa Zariya ya san kafin a wuce Kura an sami Bakano da Bazazzagi sun fara wasan barkwancinsu, an sami mai wa'azi, an sami mai maganin basir, an sami tsohuwar da ta naɗa kanta uwar mota.

To, a nan ne za a ce mini ai Bahaushe ba ya kwasar iyali ya tafi yawon buɗe ido, don haka wannan nau'i baƙo ne a wurinmu. Rabin maganar gaskiya ne. Ba mu cika tafiya don tafiya ba. Amma muna zuwa suna, muna zuwa gaisuwar mutuwa, muna kai yara gidan zu da Salla, kuma sama da duka muna kai amarya. In ana neman tafiyar iyali wadda kome zai iya dagulewa a cikinta, ban ga wadda ta kai kai amarya ba. Na taɓa shiga wata daga garinmu zuwa wani ƙauye a bayan Bunkure, ni ne namiji ɗaya bayan direba da wani kawuna da aka ba jagoranci saboda ya ce ya san hanya tun ana haƙa magudanan ruwa. Mutum goma sha takwas a bas mai cin goma sha huɗu, katifa da kwalla a sama, amarya tana kuka a tsakiya. Muka haye gadar Tamburawa lafiya. A Karfi, inda ya kamata a karya, kawu ya ce a miƙe. Wata gwaggo daga baya ta ce, "Malam, ai nan ne kwanar." Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaya, bar wa maza sanin hanya." Sai da muka tsinci kanmu a kan gefen wata magudana, ruwa a dama, shinkafa a hagu, ba wurin juyawa, magariba ta kawo jiki. Ba wanda ya ce uffan. Amarya ce ta fara, daga cikin mayafi, kukan ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, sai motar duka ta ɗauka. Kawu bai yi dariya ba, kuma har yau in an taru a gidan ba a tayar da maganar sai ya fita. Da ya fita kuwa, ita ake fara tayarwa.

Wannan ya kawo ni ga namu masu ban dariya. Tun da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, harkar ta rabu gida biyu a bakin jama'a, na soyayya da kuma na camama. Sarkin camama shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro, wanda ya bar aikin gidan yari ya rungumi wasa, ya kuma rasu a watan Disamba na 2014. In ka dubi sunayen finafinansa, irin su Ibro Awilo da Ibro Usama da Ibro Ɗan Indiya, za ka ga dabara guda ce ake juyawa: a ɗauki baƙauye mai jar hula da bakin da ba ya mutuwa, a jefa shi cikin rigar da ba tasa ba, a zuba ido. Shi ma matafiyi ne, sai dai daga wannan kama zuwa waccan yake tafiya, ƙafarsa tana ƙofar gida. Kuma yana da abin da Clark yake da shi, wato tabbacin da ba ya girgiza. Ibro bai taɓa shakkar cewa shi ne mai gaskiya ba, ko da ana tsakiyar dukansa. Abin da camama ba ta cika yi ba shi ne ta ɗauki wannan maigida da matarsa da 'ya'yansa ta rufe su a mota. Dalili ɗaya na kuɗi ne, domin ɗaukar fim a kan hanya ya fi tsada da wahala a kan ɗaukarsa a tsakar gida cikin kwana uku. Dalili na biyu ya fi zurfi. Mun yarda mata ta yi wa Ibro tsiya, mun yarda abokai irin su Bosho ko Daushe su kunyata juna a kasuwa, amma mu ga 'ya'ya suna kallon ubansu yana kwafsawa, wannan yana yi mana nauyi.

Ni kuwa ina ganin al'adarmu ta fi mu ƙarfin hali a nan. Ita ce ta ware wa raha filinta, ta kuma kewaye shi. A wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin yana kallo. A tashe yara suna sa gemun auduga su yi tafiyar tsoho a gaban tsofaffi, a ba su hatsi. 'Yan kama suna ɗaukar muryar malami mai karatu su cika ta da zancen tuwo da miya, malamai na dariya. Jika yana tsokanar kaka, taubashi yana tsokanar taubashi. Ba a taɓa jin sarauta ta faɗi saboda wasan gauta ba. Waɗanda suka tsara waɗannan sun gane cewa girman da ba a taɓa yi wa dariya ba yakan yi tsami, kuma wanda aka yi wa dariya da yamma shi ake durƙusa wa da safe. Wannan fahimta ce ta yi ƙaranci a 2008, lokacin da kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke wa Ibro wata biyu a kurkuku a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan da ya bari, ta ɗaya ƙofar. Mu kuma da muke cewa shiririta ba ta cancanci nazari ba, mu tuna cewa hukuma ba ta raina ta ba.

Kada a ɗauka na wanke nau'in tas. Fim ɗin 1983 ba abin da za ka kunna gaban mahaifiyarka ba ne, akwai tsiraici da zagi waɗanda ba su ƙara masa kome ba, kuma zancen matar nan mai jar mota da Clark ke bi da ido ya ja tsawo har ya gundura. Mafi muni shi ne wurin da suka ɓata a unguwar baƙar fata, inda aka nuna kowa a matsayin ɓarawo. Wannan dariya ce mai arha, kuma mu ma muna da irinta, duk lokacin da camama ta rasa abin faɗi sai ta ɗauko Bagware ko Ba'ibo ko Bafillatani ta sa shi ya yi gurguwar Hausa. Bambancin a bayyane yake. In an yi wa maigida dariya, an taɓa mai ƙarfi ne a cikin gidansa, kuma masu dariyar suna son sa. In an yi wa baƙo dariya saboda harshensa, an taɓa wanda ba ya nan ne balle ya rama, kuma ba ya cikin waɗanda al'ada ta ƙulla mana wasa da su. Haka kuma ƙarshen fim ɗin ya yi laushi. Hughes da Ramis sun kai mutumin har bakin hauka, sa'an nan suka ji tsoro suka sa mai wurin ya yafe, kowa ya hau lilo. Da an tsaya a bakin ƙofar nan da ke garƙame, iyali huɗu suna kallon allon sanarwa, da fim ɗin ya fi haka nauyi, ko da yake da wuya a ce ya yi kasuwar da ya yi.

In wani daga cikin 'yan wannan ƙungiya yana neman abin rubutawa, kayan aikin suna zube a hanyar Zariya. Ga maigida, manomin Kura, wanda tun yana yaro aka taɓa kai shi otal ɗin Bagauda da Audu Baƙo ya gina a bakin ruwa, ya ga fitilu da ciyawa shar, ya kwashe shekara arba'in yana ba 'ya'yansa labari. Shekarar da shinkafa ta yi kuɗi ya ari mota, ya zuba uwargida da amarya a kujera ɗaya, ya ɗauko surukarsa don kada a ce, yara a but tare da kular dambu. Ba sai marubuci ya ƙirƙiro rufaffiyar ƙofa ba. Otal ɗin ya daɗe da zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, kuma abin da maigida zai tarar a bakin ƙofa shi ne mai gadi yana tambayarsa katin shaidar ɗalibi, ga surukarsa tana leƙowa ta taga.